Tuwon da Iya Ta Kai wa Tanko

Ƙauyenmu bai kai a kira shi gari ba. 'Yan gidaje ne a gefen hanyar da ta tashi daga Kademi ta nufi ƙasar Ajingi, gonaki sun kewaye mu ta ko'ina, burtali kuma ya ratsa ta bayan dangarmu. Mu Kiristoci ba mu da yawa, kusan duk dangi ɗaya ne, cocinmu ma ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano. Sauran maƙwabta Musulmi ne. Rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. In Babbar Sallah ta zo nama ya shigo gidanmu, in Kirsimeti ta zo langunan tuwo su fita. Haka na tashi na tarar, ban taɓa jin wani ya tsaya yana bayanin dalili ba.

Kakata ta wajen uba, Iya Kande, ita ce babba a gidan. Sunanta aka sa min, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. 'Yar siririya ce, ta ɗan ranƙwafa, muryarta kuwa in ta tashi sai ka rantse daga jikin wata ƙatuwa take fitowa. Da an gama girbi sanyi ya fara shigowa, da mun ci tuwon yamma, sai ta sa a kwaso mata karan dawa a hura wuta a ƙofar ɗakinta. Ta binne gyaɗa a toka, wani lokaci rogo, mu kuma mu kewaye ta. Ba mu kaɗai ba, har da 'ya'yan Malam Habu, maƙwabcinmu na jikin danga. Matarsa Inna Hajara ƙawar Iya ce tun suna amare, ita ma takan leƙo da zarenta da mazari ta zauna daga gefe.

Labaran Iya iri biyu ne. Akwai na kura da zomo da kurciya, waɗanda take ƙarawa gishiri yadda ta ga dama, yau kura ta mutu, gobe ta tashi. Akwai kuma waɗanda in za ta fara sai ta gyara zama, ta janye ƙafarta daga wuta, ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Yesu ne ya ba da shi, ni dako kawai na yi." Iya ba ta san ko harafi ɗaya ba. A coci take ji in an karanta, ta riƙe a ka, ta zo gida ta sa wa labarin tufafin ƙasarmu. A bakinta mutanen cikin misalan nan gero suke nomawa, fura suke sha, kuma duk a tsakanin Gaya da Balan suke zaune. Na daɗe da girma kafin na gane ba a ƙasar Kano aka yi su ba.

Akwai suna ɗaya da ba a ambata a bakin wutar nan, shi ne Dauda, autan Iya, ƙanin Babana. Ban san shi ba, ina goye ya rasu. Abin da na sani na tsinta ne a bakin mata wajen daka. Yana da aboki, Tanko, ɗan cocinmu. Tare suka yi kiwon awaki, tare suka fara riƙe fartanya, an ce Tanko ya fi cin tuwon Iya a kan na uwarsa. Da suka girma sai gonakinsu na fadama suka haɗa iyaka. Wata damina gardama ta tashi a kan inda iyakar ta tsaya, magana ta yi zafi, Tanko ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke wa Dauda a ƙeya. Bugu ɗaya ne. Kafin a kai shi Gaya rai ya yi halinsa. Aka tafi da Tanko gidan yari a Kano, aka daina kiran sunansa shi ma.

A shekarar da nake ba da labari, ina tsakiyar firamare, aka sako shi. Ya dawo ya tarar matarsa ta daɗe da yin wani aure, 'yan'uwansa sun sayar da gonar sun rufe masa ƙofa. Ya rame, ga tari mai cin rai. Dattawan coci suka zauna, Babana a cikinsu, suka ce kada wanda ya saukar da shi. Malam Habu ne ya ba shi wata bukka a ƙarshen gonarsa, inda ake fakewa in ruwa ya tsuge.

Baba ya je ya same shi a zaure, ya ce, "Malam, ka fa san abin da mutumin nan ya yi mana."

Malam Habu ya ce, "Na sani, Bitrus. Da ni aka ɗauko Dauda daga fadama, jininsa ya taɓa rigata. Amma na tarar da bawan Allahn nan kwance a gindin kuka raɓa tana dukansa. Ban iya wucewa ba. In na yi maka laifi ka yi haƙuri."

Baba ya dawo gida. Iya kuwa tun daga ranar abincinta ya ragu. Makonni aka yi ba ta sa an hura wuta ba, muna tambaya ta ce ƙirjinta ne.

Ana gobe Kirsimeti, gidan ya cika da aiki. An yanka akuya, mata suna ta tsince shinkafa, ana lissafa gidajen da za a kai wa tuwo. Da magariba ta wuce sai muka ji muryar Iya: "Takwara, ina karan?" Muka ruga da murna. Baba yana zaune a kan turmi nesa kaɗan yana gyaran igiyar saniya. Ba ya zama wajen tatsuniya, amma ranar aikin ya riƙe shi a inda kunnensa zai ji. Yanzu da na girma ina zargin Iya ta lura da haka kafin ta kira ni.

Ta janye ƙafarta daga wuta, ta faɗi maganar nan tata ta dako, sannan ta fara.

Wani maigida ne, in ji ta, mai arziki, rumbunansa sun fi gaban ƙirga. Ya tashi yin biki. Ya sa aka kayar da sa, aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har gindin ɗorawa. Tun da wuri ya raba wa manyan gari goro, kowa ya karɓa ya ce Allah ya kai mu. Ranar ta zo, tuwo ya sauka, miya tana ƙamshi, sai ya aiki baransa ya ce a je a ce su taho.

Na farko ya ce a ba maigida haƙuri, ya sayi sabuwar gona, zai je ya taka iyakarta. Da ta ambaci iyaka sai Iya ta yi gyaran murya ta wuce. Na biyu ya ce ya sayo shanun huɗa a kasuwa, yau zai ɗaura musu garma ya ga ƙarfinsu. Na uku kuwa ya leƙo ta kan danga yana raɗa, ya ce shi ango ne, amarya ta hana shi fita. Iya ta ƙanƙance murya ta kwaikwaye shi, muka fashe da dariya, har Inna Hajara ta ce, "Kai, Kande, Allah ya shirye ki."

Bara ya koma ya faɗa wa maigida. Ran maigida ya ɓaci. Ya ce, "Tuwona ba zai kwana ba. Shiga gari, bi lungu-lungu, je bakin kasuwa da tasha. Makaho ka ja masa gora, gurgu ka goyo shi, kuturu ka ce ya taho." Bara ya je ya kwaso su. Suka zazzauna suna ɗari-ɗari, don ba su saba a ce musu bismilla a irin wannan gida ba. Bara ya duba ya ce, "Ranka ya daɗe, sun zo, amma tabarma da saura."

"Sai maigida ya ce," Iya ta ɗaga yatsa, "fita bayan gari. Bi burtali. Leƙa gindin bishiyoyi, leƙa bukkoki. Wanda ya ce maka rigarsa ta yage, ka ce ba rigar aka gayyata ba. Wanda kunya ta hana shi tashi, kama hannunsa ka taho da shi. Ina so in leƙo in ga ba inda ƙasa ta fito."

Ta shiga tona gyaɗa da tsinke. Mun san maigidan nan Allah ne, ta sha faɗa mana. Sai ƙanena Yakubu, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya ce, "Iya, har ɓarayi aka kira?"

"Ka ji ya ce a tambayi kowa sana'arsa?"

"To har wanda ya kashe mutum?"

Mazarin Inna Hajara ya tsaya. Yakubu yaro ne amma ba shi da wauta, duk mun san wa yake nufi, don kullum in an aike mu gona ta nesa da bukkar nan muke zagayawa.

Baba ya ce daga inda yake, "Iya, ya isa haka. Yara su je su kwanta."

Ba ta ko waiwaye shi ba. Idonta yana kan wutar. Da ta buɗe baki ba da muryar labari ta yi magana ba, da tata ce ta kullum.

"Da bikin nawa ne, Yakubu, da ban kira shi ba. Wallahi da ban kira shi ba. Da na sa an saki karnuka. Na yi ta juya maganar nan a raina ko zan samu wata ƙofa da zan fitar da shi, ban samu ba. Gidan ba nawa ba ne, tuwon ba nawa ba ne. Ni kaina daga bakin hanya aka tsinto ni, ba wanda ya tambaye ni abin da na taka kafin a ce in zauna."

Baba ya ajiye igiyar ya shige ɗaki. Ranar ba wanda ya ci gyaɗar.

Washegari bayan an taso daga sujada aka fara rabon tuwo. Mu yara muna ta kai-komo da languna, wannan gidan Malam Habu, wannan gidan mai unguwa, wannan rugar Fulanin da ke kawo mana nono. Ina dawowa daga wani aike na tarar Iya ta ɗauko akushinta na kanta, wanda ba mai taɓa shi. Ta sa malmala biyu, ta zuba miya, ta tsamo tsoka mai kyau ta ɗora, ta rufe da faifai. Ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci ta nufi ƙofa.

Baba yana tsaye a bakin zaure. Bai ɗaga murya ba, Baba bai taɓa ɗaga wa Iya murya ba.

"Iya, ina za ki?"

"Ka sani."

"Jinin Dauda fa, Iya? A ce daga gidan nan aka kai masa abinci? Da wane ido zan kalli dattawa, ni da bakina na ce kada a saukar da shi?"

Ta ɗago ta dube shi. "Bitrus, kai wayar gari ka yi ka gan shi a gida. Ni na ɗauki cikinsa, ni na yi naƙudarsa, ni na wanke masa kai ranar da aka kawo shi. Kada ka koya min zafin Dauda. Matsa min."

Ya matsa. Iya ta fita, Inna Hajara da ta jiyo ta kan danga ta yafa mayafi ta bi bayanta.

Ban ga abin da ya faru a bukkar ba. Inna Hajara ce ta ba ni labari bayan shekaru, ranar da muka zauna makokin Iya. Ta ce sun same shi zaune a rana yana tari. Da ya gane mai zuwa sai ya yunƙura zai gudu, ƙafa ta ƙi, ya faɗi ya kifa fuskarsa a ƙasa. Yana ta cewa, "Iya, ki zage ni. Iya, ki tsine min, ya fi min sauƙi."

Iya ta ajiye akushin a gabansa ta buɗe faifan. Ta ce, "Ban zo hira ba. Tashi ka ci."

Ya ce ba zai iya ba.

Ta ce, "Kada ka ɗauka zuciyata ta huce, Tanko. Ba ta huce ba. Ina ganin hannun nan naka ina ganin ƙeyar ɗana. Amma aiko ni aka yi, kuma ba zan koma in ce ban same ka ba. Ci."

Ta samu wani kututture ta zauna ta juya masa gefe, don ba ta iya kallonsa. Ya wanke hannu da ɗan ruwan da ke butarsa, ya fara ci yana kuka. Ba ta tashi ba sai da ya cinye. Ta ɗauki akushinta suka juyo.

Inna Hajara ta ce sun kai rabin hanya, wajen wata tsamiya, sai Iya ta tsaya. Ta zube a nan ta dinga kiran sunan Dauda da ƙarfi, sunan da ta shekara da shekaru ba ta furta ba, tana kuka irin na ranar farko. "Na rungume ta," in ji Inna Hajara, "na zauna tare da ita a ƙasa. Sai na ce, Kande, Allahn da kika yi dominsa yana gani. Ta ce, Hajara, da nauyi. Na ce, na sani."

Daga ranar tuwo bai yanke wa bukkar nan ba. Iya ba ta sake zuwa da kanta ba, ta gidan Malam Habu take aikawa. Wata Lahadi muna cikin waƙa na hango Tanko ta taga, ya zo ya rakuɓe a jikin bangon coci daga waje. Bai shigo ba, ranar ko wata rana. Baba ya gan shi da aka fito. Bai gaishe shi ba, bai kuma ce a kore shi ba. Sauran dattawa suka dubi Baba, da suka ga ya yi shiru su ma suka yi.

Tanko bai kai damina ba. Ana tsakiyar zafin bazara Malam Habu ya yi sallama da sassafe ya ce Tanko ya cika. 'Yan'uwansa suka aiko cewa ba ruwansu. Mazan coci suka taru a ƙofar gidanmu ana kallon-kallo, kowa yana jiran wani ya fara magana, rana tana ta ɗagawa. Iya tana ɗaki, ba ta fito ba, ba ta kuma aika wa kowa da komai ba. Can sai Baba ya shiga gida ya fito da diga a kafaɗa, ya wuce ta tsakiyarsu ya nufi maƙabartarmu. Ɗaya bayan ɗaya suka bi shi. Ƙasar ta yi tauri kamar dutse, sai da manyan 'ya'yan Malam Habu suka zo suka karɓe su haƙan. Baba ne ya shiga ramin ya karɓi gawar.

Ina yarinya, in na tuna labarin bikin nan, a cikin 'yan gida nake sa kaina. Mu ne masu tuwo, mu ne masu kirki da ke kai wa wasu. Sai da rayuwa ta juya ni, na yi aure a Gaya, na haifa na binne, na ga abin da ke cikin zuciyata ranar da aka cuce ni, sannan na gane inda Iya ta ajiye kanta a labarin, na kuma gane can ne wurina ni ma. Na gane wani abu kuma da ya fi ba ni mamaki. Mu da ake karanta mana misalin kowace shekara mun zauna mun yanke shawarar rufe ƙofa, Malam Habu da bai taɓa shiga cocinmu ba shi ya riga mu leƙa gindin kuka. Na daina yi wa Allah lissafin inda ƙaunarsa take tsayawa, da kuma hannun da yake aikawa da ita.

Baba ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni, yawancin yini yana zaure a kan buzu. Bara da na je gida muna zaune mu biyu, na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da na daɗe ina so in tambaya.

"Baba, ka yafe wa Tanko kuwa?"

Ya gyara zama a kan buzun.

"Rana-rana ne, Kande," ya ce. "Wata rana in kwanta na yafe. In tashi da safe in tarar abin ya dawo ya zauna min a ƙirji, sai in sake daga farko."

Na ce, "Har yanzu, Baba? Bayan duk shekarun nan?"

"Har yanzu. Kin san abin da yake ba ni tsoro? Ba mutuwa ba. Tsorona in isa can in hango su su biyu, shi da Dauda, zaune kafaɗa da kafaɗa suna dariyarsu irin ta da, sun daɗe da shiryawa. Ni kuma in tsaya a bakin ƙofa ina fushi, a yi ta ce min shigo, in kasa."

Ya lalubo butarsa ya jawo ta kusa da shi.

"Shi ya sa nake ta koyo tun daga nan," ya ce.